Su wane ne 144,000 ɗin da aka buga wa hatimi?

Mama Zumunta: Salamar Ubangiji gare ku. Jiya da la'asar wasu masu wa'azi gida-gida suka yi mini sallama a Rumde Ajiya, na shimfiɗa musu tabarma. Suka buɗe Wahayin Yahaya sura 7, suka ce mutum 144,000 kaɗai ne za su hau sama, sauranmu a nan ƙasa za mu zauna. Shekarata 41 da baftisma. Daren jiya ban runtsa ba. Masu ilimi, ku taimaki tsohuwa.

Sakataren Matasa: Mama, wannan koyarwar Shaidun Jehobah ce. Tun 1935 suke raba masu bi gida biyu: 144,000 masu mulki da Almasihu a sama, da babban taro da zai rayu a duniya. Shi ya sa a taronsu na tuna mutuwar Yesu yawancinsu ba sa taɓa gurasar, wucewa kawai take yi.

Ɗan Marwa: Ki kwantar da hankalinki Mama. Lambar gaskiya ce, gun fassara suka kauce. Aya 4 zuwa 8 ta ce daga kabilan Isra'ila aka ɗebo su, 12,000 daga kowace, aka jera sunaye ɗaya bayan ɗaya. Yahudawa ne da za su karɓi Almasihu a lokacin babban tsanani, kamar yadda Romawa 11:26 ta yi alkawari. Ba ruwan 'yan kabilunmu na nan, Bamasa ko Batupuri, da wannan lissafi.

Malamin Lahadi: Ƙanena, tun da ka ce an jera sunaye, mu ƙirga su tare. Yahuza, Ra'ubainu, Gad, Ashiru, Naftali, Manassa, Saminu, Lawi, Issaka, Zabaluna, Yusufu, Biliyaminu. Ina Dan? Ina Ifraimu? Ga Manassa, ga kuma ubansa Yusufu, kowa da nasa kason. Ra'ubainu ne ɗan fari, amma Yahuza aka sa gaba. In rajistar zuriya ce, to magatakardan ya yi aika-aika. Ni a ganina 12 sau 12 sau 1,000 ne: kabilu, manzanni, da cika. Duba sura 21, garun sabuwar Urushalima kamu 144 ne, ƙofofi 12, harsasai 12. Wannan littafi da lamba yake zane.

Ɗan Marwa: Malam, batun Dan ba yau aka fara shi ba. Ireniyus, shugaban ikilisiyar birnin Liyon, ya amsa tun ƙarni na 2: daga Dan magabcin Almasihu zai fito, ya kafa hujja da Irmiya 8:16. Kuma a Dan Yerobowam ya ajiye ɗaya daga cikin 'yan maruƙansa na zinariya. Cire shi aka yi da gangan.

Malamin Lahadi: To me ya sa a Ezekiyel 48, gun rabon ƙasa na ƙarshe, Dan aka fara ba wa?

Ɗan Marwa: Gādon ƙasa daban, hatimin hidima daban.

Inna Mai Ƙosai: Ni ban yi makarantar Littafi ba, amma ina karatu. Ku da kuke son lambar yadda take, ku leƙa sura 14 aya 4. An ce ba su ƙazantu da mata ba, ba su taɓa sanin mace ba. Ke nan ni da Mama Zumunta mun fita tun daga ƙofa. Fasto da 'ya'yansa shida ya fita. Bitrus ma da yake da suruka ya fita. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. In ka ɗauki lambar a zahiri, ɗauki sauran.

Sakataren Matasa: Inna ta taɓo inda yake ƙaiƙayi. Baƙin Mama suna ɗaukar 144,000 a zahiri, amma kabilun da rashin auren sai su ce misali ne, har da mata a cikin nasu lissafin.

Ɗan Marwa: Ni dai na ɗauka duka, Inna. Samari ne Yahudawa marasa aure. Abin da ya gagari Allah ne?

Yaya daga Koza: Kun tsaya kan lamba kun bar hatimin. A ikilisiyarmu ta Adbantis mun fahimci Asabar ce alamar, don Ezekiyel 20:12 ta kira ta alama tsakanin Allah da jama'arsa, kuma Wahayi 14:12 ta ce tsarkaka masu kiyaye umarnan Allah ne.

Malamin Lahadi: Yaya, Afisawa 1:13 ta faɗi abin da aka hatimce mu da shi, Ruhu Mai Tsarki. Wahayi 14:1 kuma ta faɗi abin da ke goshinsu, sunan Ɗan Rago da na Ubansa. Ban ga rana a wurin ba.

Baba Dillali: 'Ya'yana, shekara 30 ina kasuwar shanu ta Adumri. Mai garke yana sa wa dabbarsa shaida ne don in an gauraya a san tasa. Shaidar ba ta hana saniya shan rana, ba ta hana ta doguwar tafiya. Haka a Ezekiyel 9, an sa alama a goshin masu kuka saboda muguntar birni kafin masu kisa su shiga. A Wahayi 9 ma fārin nan waɗanda ba su da hatimi aka ce su cuta. Ni abin da na gane ke nan.

Fasto: Na gode Baba. Abu guda zan ƙara. A 7:4 Yahaya ya ce ya ji adadin, a 7:9 ya ce ya duba ya ga taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da harshe, da fararen riguna. Ya taɓa yin haka a sura 5: aka ce masa ga Zakin Yahuza, da ya duba sai Ɗan Rago. Abin da ya ji da abin da ya gani abu ɗaya ne. Ƙirgen kabila-kabila kuwa irin na mayaƙa ne a Littafin Ƙidaya, mayaƙan Isra'ila kuma sukan nisanci mata in suna fagen yaƙi. Mama, taron nan da aka ce miki na ƙasa ne, sura 7 aya 15 ta ce a gaban kursiyin Allah suke, suna masa hidima a Haikalinsa.

Ɗan Marwa: Ranka ya daɗe Fasto, aya 9 da "bayan wannan" ta fara. Waɗancan an ƙirga su, waɗannan ba su ƙirguwa. Waɗancan daga al'umma ɗaya, waɗannan daga duka. Yaya za a ce taro ɗaya ne? Amma kan aya 15 ina tare da kai ɗari bisa ɗari.

Fasto: Ka zo da Littafinka ranar Laraba bayan addu'a, ɗana.

Mama Zumunta: Allah ya saka. Sun ce za su dawo Asabar da safe. Inna, ki rufe kaskon da wuri ki zo ki zauna kusa da ni, ke za ki karanta musu sura 14 aya 4 ɗin nan. Malam, turo mini sunayen kabilun da manyan baƙi, tabarau na ya fashe.