Wai zafin rana ke fasa tukunyar gas?

Baban Ummi: Jama'a ni dai na ce ma uwargida ta fitar man da tukunyar gas ɗin nan daga gida, bam ne muke kwana da shi. Wanga zafi na Birnin Kebbi da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wata rana da kanta za ta fashe. Gara gawayinmu.

Malama: Haba Baban Ummi, zafi kaɗai ba ya fasa lafiyayyar tukunya in ba a cika ta maƙil ba, shi ya sa ƙa'ida kashi 80 cikin 100 ake zubawa a bar ma gas wurin buɗewa. Yoyo ne ke kashe mutane. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwantawa ya taru a kicin, sai wani ya ƙyasta ashana ko ya taɓa makunnin lantarki.

Baban Ummi: To wa ke duba kashi 80 ɗin? Yaron da ke juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama cikin shagon kwano, ga mai tsire a gefe? Kun manta Sabon Tasha a Kaduna, Janairun 2020, shagon gas ne ya tashi, har farfesa cikin mamatan.

Maman Sadik: Nan kam yaya kana da gaskiya, ni ma na daina cikawa a irin shagunan nan. Amma wallahi tawa tiyo ne ya so ya ja mana, na shiga kicin da asuba na ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, hannuna har ya kai makunni Allah ya sa na janye, na cire rigulata, wato abin da ke haɗa tiyo da kan tukunya, na buɗe ƙofa da taga na fitar da yara. Da gari ya waye na shafa ruwan omo, sai ga kumfa na tashi daidai inda ɓera ya ci.

Kawu: Kuma gawayin da kake yabo, kowane hunturu ana jin wanda ya rufe ɗaki da kaskon wuta bai farka ba.

Baban Ummi: Na ji Kawu, amma tawa tsohuwa ce, gindinta duk tsatsa.

Malama: Ai ka ga matsalar! Shekara 15 ne wa'adinta. Duba ƙarfen hannunta, ana buga shekarar ƙira a jiki, ka faɗa mana abin da ka gani.