Wane jirgin dakon jirage zan ɗauka?

Ɗalibi: Assalamu alaikum manya. An ba mu aiki a makaranta, kowa ya zaɓi jirgin ruwan yaƙi ɗaya mai dakon jiragen sama, na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya rubuta yadda aka riƙa sauya ƙirarsa da inda ake samo masa kayan gyara. Ina so in haɗa ɗan samfurinsa ma. Wanne kuke gani?

Tsohon makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗauki Ark Royal na Ingila ka huta. Da aka sallami ɗan'uwansa Eagle a 1972 ba a yanka shi ba, ɗaure shi aka yi kusa da Plymouth ana ta kwance kayansa ana ɗaura wa Ark Royal, har 1978.

Ɗan Kaduna: Wato Panteka ce aka buɗe a kan ruwa 😂

Kafinta: Ƙanena, kowanne ka zaɓa, kada ka biya kuɗin samfurin roba a intanet sai ka tambayi na wace shekara ne. Ni samfurin Midway na Amurka na yi oda a wani shago. Hoton kwalin ga karkataccen titin sauka tsaf, da na buɗe sai na tarar da miƙaƙƙen dandamali irin na 1945. Farfela ɗaya ta ɓace, takardar bayanin kuma ta wani jirgin ce daban. Na rubuta musu, wai ai duk Midway ne. Ina duk ɗaya! Jirgin nan an karkata masa titi a gyaran 1955 zuwa 1957, aka sake faɗaɗa shi tsakanin 1966 da 1970, a 1986 aka ƙara masa kumburi a gefe, sai ga shi yana tangaɗi fiye da da. Sunan ne kawai bai canza ba. Har yau nawa yana saman kwaba, da itace na feƙe farfelar.

Ɗalibi: Allah ya mayar da alheri, Yaya. To Midway ɗin ke nan?

Kafinta: Don tarihin ƙira dai babu kamarsa. Yana nan San Diego an mai da shi gidan tarihi, hotunan cikinsa ba sa wahalar samu.

Ɗan Kaduna: Ai harkar nan ta Amurka ce tun fil azal.

Tsohon makaniki: Kai yaro, wa ya gaya maka? Karkataccen titin dabarar Dennis Cambell ce, hafsan ruwan Ingila, a 1951. Kafin nan idan ƙugiyar jirgin sama mai sauka ta kuskure wayar da ke tsayar da shi, sai dai ya faɗa shinge ko ya afka wa jiragen da ke jere a gaba. Da aka karkata titin, matuƙi ya ƙara wuta ya tashi ya zagayo. Majaujawar tururi mai harba jiragen sama ma a kan Perseus na Ingila aka gwada ta. Madubin da ke nuna wa matuƙi hanyar sauka, shi ma nasu ne.

Ɗan Kaduna: Na ji, Baba. Amma wa ya gina Forrestal a 1955? Wa ya sa wa Enterprise tukunyar nukiliya har 8?

Tsohon makaniki: Kuɗi ne suka gina.

Malama: Ku bar musun nan, yaro kayan gyara ya tambaya. Ɗana, duba ƙananan jiragen da Ingila ta sayar wa ƙasashe. Venerable ya koma Karel Doorman a Holan, ya yi gobara a 1968, daga baya ya koma hannun Ajantina; an ma taɓa ciro tukwanen tururin Leviathan, wanda ba a taɓa kammala gina shi ba, an sa masa. Nan labarin yake.

Kafinta: Ko na Barazil da suka saya hannun Faransa a 2000.

Malama: Foch, wanda ya koma São Paulo. Gyara ya gagare su. Turkiyya ta hana a shigo da shi a yanka saboda gubar asbestos, a 2023 suka nutsar da shi a Tekun Atalantika.

Ɗan Kaduna: Kash! Da sun kawo mana, ko ƙusa ba za ta yi kwantai ba.

Ɗalibi: Manya, yanzu kun ƙara ruɗa ni wallahi.

Tsohon makaniki: Ark Royal na ce.

Ɗan Kaduna: Yaya Kafinta, wane irin gam kake sa wa robar? Nawa narkar da ita yake yi.