Wa ya san tarihin unguwar Bo-Kaap ta Cape Town?

Ummu_Haidar:
Salam 'yan uwa. Dan Allah ina yawan cin karo da hoton wata unguwa a Afirka ta Kudu, gidaje jere a gangaren dutse, wannan kore wancan ruwan ɗorawa, ga hasumiyar masallaci a tsakani. Wai Bo-Kaap sunanta kuma ta musulmi ce. Ya aka yi suka kafu a can?

Malam_Tarihi:
Wslm Hajiya. Ai tarihin akwai ban tausayi, Turawan Holan ne suka riƙa kwaso bayi da fursunonin siyasa daga Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka suna kawowa Cape, da yawansu musulmi ne, to bayan an soke bauta a 1834 sai suka yi ta tarewa a gangaren dutsen nan da kika gani, Signal Hill. Masallacin Auwal da ke titin Dorp tun 1794 yake, shi ne na farko a ƙasar. Limaminsa na farko Tuan Guru ɗan sarauta ne daga Tidore, an tsare shi a tsibirin Robben inda aka zo aka ɗaure Mandela daga baya, a can ya rubuta Alƙur'ani da ka. Har harshen Afrikaans mutanen nan sun rubuta da ajami fa.

Bafatake:
Ni na je, wlh hoto bai nuna komai ba. Titunan shimfiɗar duwatsu ne, hawan sai ka yi haki, amma in ka waiwayo ga babban dutsen Table Mountain a gabanka ga gari a ƙasa. Ƙarfe 12 na rana aka harba igwa daga dutsen Signal Hill sai da na firgita, ashe al'adarsu ce. Abin da ya fi taɓa ni maƙabartar Tana Baru, nan Tuan Guru yake kwance Allah ya jiƙansa.

Ummu_Haidar:
Amin. To lokacin wariyar launin fata ba a tashe su ba?

Malam_Tarihi:
Wata unguwa ta Cape Town mai suna District Six aka rushe bayan an ce ta farar fata ce a 1966, ita Bo-Kaap an ware ta wa waɗanda ake kira Malay, wato musulmin nan, shi ya sa ta tsira. Yanzu kam kuɗi ne ke korarsu Hajiya, masu hali suna saye gidajen, haraji na hawa, jikokin masu unguwar na kasa riƙewa. Sai da mazauna suka yi ta zanga-zanga kafin a 2019 aka sa wurare 19 na unguwar cikin kayan tarihin ƙasa.