A kulle masu tarin da ba ya jin magani ko a bar su a gida?

Kawu Direba: Salamu alaikum 'yan Unguwar Rogo. Ni fa tunda naji ance yaron nan na bayan layinmu tarin fukarsa ta daina jin magani hankalina bai kwanta ba. Irinsu kamata yayi gwamnati ta kulle su a asibiti sai sun warke, ai su suka jawo wa kansu, an baka magani kyauta kasha wata biyu ka watsar

Anti Nas: Wa alaikumus salam Kawu. Ba kowa ne ya yanke magani ba fa. Wani ɗauka yake kai tsaye daga mai irin wannan ƙwayar cutar, bai taɓa haɗiyar maganin tibi ko ɗaya ba. Abinda ake nufi shine rifampicin da isoniazid, manyan magungunan nan biyu, sun daina kashe ta

Mai Shayi: Anti duk naji amma Kawu yana da gaskiya. Sanyin Jos ɗinnan kowa ya toshe taga da tsumma, mutum takwas ɗaki ɗaya, ɗaya na tari har asuba, to ina yaran zasu sa kansu

Ɗan Gangare: Ni wana ne ya yanke kuma ba iskanci bane. Ranar farko fitsarinsa ya koma ja kamar an zuba manja ya ɗauka jini ne, ba wanda ya gaya masa aikin rifampicin ne, ya daure har wata biyu tari ya tsaya ya fara cin tuwo malmala uku, ga kuɗin keke zuwa karɓo magani ga aikin haƙar kuza da ya ajiye iyali na jira, sai yace ai ya warke. Bayan sallah tarin ya dawo da ƙarfinsa

Kawu Direba: To kaji! Da yana kulle ai da ya gama wata shidansa na shan magani

Anti Nas: Da yaji ana kullewa da bai je gwajin ba tun farko Kawu, kyamis zai tafi ya sayi maganin tari na kwalba yana shiga motarka kullum. Wanda ya ɓoye shine abin tsoro. Wanda aka ɗora kan maganin da ya dace yaɗawarsa na raguwa da sauri. Kuma an wuce zamanin da, lokacin da maganin tarin da baya jin magani ke ɗaukar wata 18 zuwa 24 ana allurar kanamycin har wasu su kurumce. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na wata 6, ƙwayoyi zalla, da maganin bedaquiline a ciki. Kaki kawai zaka bayar, injin GeneXpert ya nuna cikin kamar awa biyu ko rifampicin zai yi aiki

Mai Shayi: Wanda yaƙi sha da gangan fa?

Anti Nas: Wanda jiki yayi tsanani ana kwantar dashi dama. Mai taurin kai kuma sai a haɗa shi da wanda zai tsaya a kansa yana gani ya haɗiye, shine ma tsarin

Kawu Direba: Hmm. Ni dai ban sauka ba, a motata gaba zai zauna gilas a sauke

Anti Nas: Wannan kam ka kyauta. Mai Shayi kai kuma tarin da naji kana yi tun satin biki ya wuce sati biyu, gobe ka kawo kaki

Mai Shayi: Hayaƙin itace ne Anti