Maigidana ya ce mu yafe masa, likita kuma ya ce lafiyarsa ƙalau

Assalamu alaikum Anti, don Allah a saka min wannan a ɓoye sunana. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda yake sayarwa, yaranmu huɗu. Tun ambaliyar da ta shiga kasuwar a daminar 2022 al'amura ba su koma daidai ba, don rabin kayan da ruwa ya ɓata na bashi ne, kuma mai kayan kawunsa ne. Kun san bashin dangi, ba za a ce ka biya ba, amma duk bikin da aka haɗu sai an sakar maka magana. Surukata kuma gani take ni ce nake cinye masa jari, alhali ko 'yan kunnen gwal ɗina sayarwa na yi na ba shi, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Ummata ba ta sani ba, har yau tana tambayata ina suke ina cewa suna wurin gyara.

Yanzu dai faɗuwar gaba ce ta sako shi a gaba. Yana zaune sai ya dafe ƙirji, gumi ya karyo masa, hannu na rawa, ya ce numfashinsa ya tsaya, a laƙƙana masa kalmar shahada. Bayan 'yan mintuna ya wuce. Mun je asibiti an yi gwajin zuciya, an auna jini, likita ya ce ba komai, ya rage tunani. Waya in ta yi ƙara sai ya zabura. Ba ya barci. Jam'i ma ya daina zuwa, wai in ya shiga sahu ji yake kamar an shaƙe shi.

Makon jiya ya ba ƙaninsa makullan shago, ya nuna min inda takardun gida suke, ya ce "Maman yara ki yafe min, na zame muku kaya, da babu ni da kun huta." Da safe ya ce wasa yake. Kwanan nan kuma ya natsu, har dariya yake da yara. In kwantar da hankalina ne, ko yaya?

Hajiyar Gwale: Baiwar Allah wannan hannu ne, ba wani ciwo. Ɗan kasuwa da asibiti ya ce lafiyarsa ƙalau, me ya rage? A samu malamin ruƙya mai tsoron Allah, ki dinga saka Baƙara a gidan, ya riƙe azkar. Kuma ki cire wancan tunanin, mai niyyar yi ba ya faɗa.

Nas ɗin Zaure: Hajiya, da girmanki, maganarki ta ƙarshe ba haka take ba, kuma tana da haɗari. A sashen masu larurar ƙwaƙwalwa nake aiki. Da yawan waɗanda suka halaka kansu sun faɗa tukuna, irin wannan faɗar da ake cewa wasa ce.

'Yar'uwa, abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon fargaba, shi ya sa gwajin zuciya bai nuna komai ba. Ba baƙon ciwo ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 301 ke fama da shi a 2019. Mutane sun ɗauka mai baƙin ciki ne kaɗai ke tunanin kashe kansa, mai fargaba kuwa ai tsoron mutuwa yake. Wani bincike da aka yi kan manya a ƙasar Holan, aka wallafa a 2005, ya nuna fargabar ita kaɗai tana ƙara wannan haɗarin, in kuma baƙin ciki mai tsanani ya hau kanta abin ya fi muni. Ki duba mijinki: jiki kullum a ɗaure, ba barci, ba masallaci, ba kasuwa, ga bashi. Irin wannan ba mutuwar yake so ba, hutu yake nema, ya kasa ganin ta inda zai zo.

Makullan da ya bayar, takardun gida, da cewa ya zame muku kaya, su suka fi tayar min da hankali. Natsuwar nan ma kada ta ruɗe ki, wani lokaci mutum kan natsu ne bayan ya gama yanke shawara. Yau ki tambaye shi kai tsaye: kana tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, ki kwashe magunguna da duk wani abu mai haɗari daga gidan, ki kira wani babba nasa, a kai shi asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano. Yau, ba Litinin ba.

Uwar Biyu: Ke kin ma samu mai cewa ki yafe masa. Ni nawa da kasuwa ta karye ni na riƙe gidan da kuɗin ɗinki, yana farfaɗowa ya rangaɗo min amarya. Ki kula da shi amma ki ɓoye ɗan abin hannunki, maza ba 'yan goyo ba ne.

Mai tambaya: Na gode Anti Nas, amma Dawanau fa kika ce. Mijina ba mahaukaci ba ne. Kasuwa da amana ake yinta, ranar da aka ji an gan shi a can wa zai ƙara ba shi kaya? Kuma ta yaya zan dubi idon uban 'ya'yana in yi masa wannan tambayar? Mutum ne mai addini. Ba zaune nake ba fa, akwai maganin da yake sha, wani mai kemis ya ba shi, yana ɗan sa shi barci.

Nas ɗin Zaure: Wane magani? Karanta min sunan da ke jikin katin.

Mai tambaya: Diazepam aka rubuta. Da ɗaya yake sha, yanzu ya ce ɗaya ba ta yi masa.

Nas ɗin Zaure: Shi ne ba ki faɗa tun farko ba, kika tsaya ba mu labarin 'yan kunne? Wannan na ɗan gajeren lokaci ne, jiki na sabawa da shi, shi ya sa ɗayar ta daina yi masa. Kada ki tsayar masa da shi lokaci guda, yin hakan na iya jawo jijjiga, likita ne zai rage a hankali. Amma katin ya dawo hannunki, ba a ɗakinsa ba. Magungunan da ake ɗora mai fargaba a kai irin su sertraline da fluoxetine ne, sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu sosai, kuma a makonnin farko ana sa ido don wani rashin natsuwarsa kan ƙaru kafin ya sauka. Akwai kuma zama da likitan halayya, a koya masa yadda zai tari firgicin. A duba masa tayirod ma, wato halittar nan ta gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, yana kawo irin wannan bugun zuciyar. Batun addini kuwa, masu salla nake gani a gadajenmu kullum, har da limamai. Ku yi addu'a, ku je asibiti, wa ya ce sai ɗaya?

Hajiyar Gwale: To ga shi nan, maganin Bature ne ma ya ƙara rikita shi. Ni ɗan yayata haka ya yi, har ba ya fita, ruƙya aka yi masa ya warware. Ku 'yan asibiti komai sai ku ce ƙwaƙwalwa.

Amaryar Hotoro: Ni na yi irin wannan bayan haihuwata ta biyu. Ko bayi ba na iya shiga sai da rakiya, har na fara jin gara in bar duniyar. Yayana ne ya tambaye ni ƙarara, wallahi kuka na fashe da shi, na ji kamar an sauke min dutse. Ba a kwantar da ni ba, ganin likita nake in dawo gida. Dangin mijina dai har yau "mai aljanu" suke ce min a bayan ido, wannan kuma wani zancen ne.

Maman Ɗalibai: A yi hattara dai. Na san a dokar Arewa yunƙurin kashe kai laifi ne, har ɗaurin shekara guda. Kada a je neman magani a ƙare a ofishin 'yan sanda.

Nas ɗin Zaure: Sashe na 231 kike nufi, yana nan, kuma ana ta kiran a soke shi. Amma bawan Allahn nan bai aikata komai ba, tunani ba laifi ba ne, kuma mu jinya muke, ba kama mutane ba. Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi sirrin majiyyaci. In Dawanau ce ke ba ki kunya, ku shiga Malam, babban asibiti ne, mai ciwon ido ma can yake zuwa. In ya rikice da dare ku nufi sashen gaggawa mafi kusa ko ki kira lambar gaggawa ta 112.

Mai tambaya: Na ji duka. Ni dai na fi kowa sanin halinsa, in na matsa masa rufewa zai yi gaba ɗaya. Yayansa na dawowa daga Legas ranar Asabar, shi kaɗai yake jin maganarsa, gara in jira shi. Surukata kam ba zan gaya mata ba, cewa za ta yi ni na haukata mata ɗa. Hajiya ki turo min lambar malamin in fara da wannan.

Nas ɗin Zaure: Yayan nasa ba shi da waya ne? Kira shi yanzu. Ƙanin da aka ba makullan ya zo ya kwana a gidan. Kuma ba ki amsa min ba, katin maganin yana hannunki?

Hajiyar Gwale: Na tura miki ta akwatin saƙo. Ki ce Hajiya ce ta turo ki, zai yi miki sauƙi.

Uwar Biyu: Ni ma a turo min, Hajiya. Yana aikin kishiya?