Gidan da aka yi kisa a ciki: dole ne mai sayarwa ya faɗa?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum. Wata shari'a da aka yi a Amurka ta tsaya mini a rai, ina so mu tattauna. A 2006, a garin Thornton na jihar Pensilbeniya, wani mutum ya harbe matarsa a cikin gidansu, ya juya bindigar ya harbe kansa. Wasu mata da miji suka sayi gidan a gwanjo kan dala 450,000, suka gyara shi, a 2007 suka sayar wa wata mata da mijinta ya rasu kan dala 610,000. Sun san abin da ya faru sarai, har sun tambayi lauya ko wajibi ne su faɗa, aka ce musu ba wajibi ba ne, suka ja bakinsu. Sai da ta tare da 'ya'yanta biyu, bayan 'yan makonni, ta ji labarin a bakin maƙwabta. Ta kai ƙara, aka yi ta bugawa har kotun ƙolin jihar, a 2014 kotun ta ce ba ta da gaskiya: kisa ba aibin gini ba ne. Ni a wurina an cuci matar nan, ko doka ta ce me. Wanda duk ya san an zubar da jini a gida, wajibi ne ya faɗa kafin ya karɓi ko sisi.

Alhaji Dillali: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, shekarata fiye da ashirin ina dillancin gidaje, kuma ina tare da kotun nan. Abin da nake sayarwa ƙasa ce da bulo da kwano. In rufi na yoyo zan faɗa, in ruwa na kwanciya a tsakar gida da damina zan faɗa, in akwai magajin da bai sa hannu ba zan faɗa. Amma wane tsohon gida ne a cikin birni ba a fitar da gawa daga cikinsa ba? Mutuwa rigar kowa ce.

Baban Sadiq: Alhaji, ba mutuwar Allah da Annabi nake magana ba. Tsohon da ya cika a kan shimfiɗarsa daban, wanda aka yi wa yankan rago a falo daban.

Alhaji Dillali: Ga wanda ya mutu, duk ajali ne. Ga ginin kuma, bulo bai san bambanci ba.

Barista: Bari in sa baki ta fuskar doka. Ƙa'idar da muka gada daga Ingila ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Abin da ke kan mai sayarwa shi ne ya bayyana ɓoyayyar matsala a mallakar gidan, kamar jingina ko haƙƙin wani a kai. Tarihin gidan ba ya ciki, sai dai in an tambaye shi ya yi ƙarya, wannan yaudara ce. A Ingilar ma an yi irinta a Wakfil: mata da miji suka sayi gida kan fam 83,000, sai a wani shirin talabijin suka gane an taɓa kashe yarinya a ciki. Suka fita, suka sayar kan fam 75,000 bayan sun gaya wa mai saye gaskiya, suka nemi diyya, kotun ɗaukaka ƙara ta hana su a 2004. Kuma alƙalan Pensilbeniya sun yi tambayar da ba ta da sauƙin amsa: a ina za a ja layi? Wanda aka sa wa guba fa, babu ɗigon jini? Kisan da aka yi da daɗewa fa?

Maman Hanifa: Don Allah ku ba ni dama, don ni abin nan a gidanmu ya faɗo. 'Yan fashi suka shiga gidan yayata da tsakar dare, suka harbe mijinta a soro yana ƙoƙarin tura ƙofa. Ya bar mata yara biyar. Da ta fita takaba aka zo rabon gado, babu abin rabawa sai gidan. Shekara biyu cur yana kasuwa. Mutum zai zo, ya zaga, ya yaba, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, har ya yi tayi. Da ya fita ya tsaya wajen mai shayin bakin layi, shi ke nan, ba za a sake ganinsa ba. Ni da hannuna na wanke soron nan, na sa aka sake masa siminti da fenti. Babu abin da ya rage a wurin sai bakin mutane. Su wa aka hukunta da wannan gaskiyar da kuke so a tilasta? Ba 'yan fashin ba. Marayu ne suka koma cin bashi suna da gida. Baban Sadiq, kana kallon matar da ta saya, ni ina kallon matar da take son ta sayar ta bar wurin da take jin ƙarar harbi duk dare.

Hajiya Babba: Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. 'Yata, kin sa ni hawaye.

Injiniya: Amin. Aunty, ban raina abin da kuka gani ba, amma ni ta ɗaya ɓangaren na ɗanɗana. Na kama hayar gida a wani gari da aka tura ni aiki, na biya shekara biyu gaba ɗaya don na ga sauƙi. Wata uku da tarewa, 'yata mai shekara takwas ta dawo daga Islamiyya ta ƙi shiga ɗakinsu. Yara ne suka gaya mata a nan wata amarya ta kashe mijinta. Kowa a layin ya sani, har mai gugar da nake kai wa kaya, mu kaɗai ne ba mu sani ba. Yarinyar ta koma fitsarin kwance, uwarta ta daina zama ita kaɗai da rana. Muka tashi da sauran wata ashirin da ɗaya na kuɗinmu a hannun mai gida. Da an gaya mini tun farko, ƙila ma in karɓa, in shirya iyalina da kaina. Abin da ya yi mini ciwo shi ne wani ya yanke mini hukunci a kan abin da zuciyar 'yata za ta iya ɗauka.

Alhaji Dillali: Injiniya, to ai wannan camfi ne, kuma Musulunci ya hana camfi. Allah gafarta Malam yana nan, ya faɗa.

Malam Liman: Ina nan, Alhaji, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Ƙasa ba ta ɗaukar zunubin wanda ya yi laifi a kanta. Filin da aka gina masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina akwai kaburburan mushirikai a ciki, aka tone su aka yi gini. Wanda ya sayi irin gidan nan ya zauna, ya yi sallarsa, babu komai a kansa. Amma hukuncin zama daban, hukuncin ciniki daban. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta kan babin ciniki a Risala, inda Ibn Abi Zaid ya ce bai halatta mutum ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya ambata mai saye zai ƙi ta, ko ambatonsa zai rage mata kuɗi. Bai ce sai aibin da hannu ke taɓawa ba. Ma'aunin shi ne zuciyar mai saye da farashi. Ga kuma hadisin Hakim bin Hizam a Buhari da Muslim: in masu ciniki biyu suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Alhaji, in tambaye ka tsakaninka da Allah: me ya sa ba ka son faɗa?

Alhaji Dillali: Don ciniki zai watse, ko a karya farashi, Malam.

Malam Liman: To ka amsa da bakinka. Abin da kake tsoro shi ne ainihin abin da aka ce kada a ɓoye. Ko da tsoron mai sayen kuskure ne, gyara shi aikin wa'azi ne, ba a gyara shi da karɓar kuɗinsa a cikin duhu. Barista kuma, layin da kake nema kasuwar garin ce ke ja: abin da mutanen wurin suka sani yana taɓa daraja, a faɗa, abin da aka manta har ba ya motsa farashi, ya wuce.

Barista: Wasu ƙasashen sun ja shi da shekaru. A jihar Kalifoniya ta Amurka, mutuwar da ta wuce shekara uku ba dole ba ne a ambata, amma in an tambaya ba a yarda a yi ƙarya ba. Japan ta fitar da ƙa'ida a 2021: mutuwar tsufa ko ciwo ba sai an faɗa ba, kisa ko kashe kai a gidan haya a faɗa har kimanin shekara uku, a gidan sayarwa kuwa ba a sa wa'adi ba. Ni wannan ya fi kwanta mini, don ma'aunin Malam yana hannun masu tsegumi. Muddin mai shayi bai manta ba, marayu ba za su huta ba.

Maman Hanifa: Allah gafarta Malam, ban musa littafi ba. Amma asarar fa, wa zai ɗauka? Yaran da aka kashe wa uba su ne kuma za su biya?

Malam Liman: Hajiya, wannan asara ta riga ta sauka tun daren da aka yi harbin, tana cikin musibar. Ɓoyewa ba ta ɗauke ta, tura ta take yi gidan wani wanda shi ma bai ji ba bai gani ba, ƙila shi ma kuɗin marayu ne a hannunsa, kamar matar da Baban Sadiq ya kawo labarinta. Wanda ya kamata ya tallafi yaran nan dangi ne da masu hali na unguwa. Kuma ina ganin laifinmu mu limamai, da muke barin jama'a suna gudun gida don an zalunci mai shi a ciki, ba mu hau mumbari mun yi magana ba.

Hajiya Babba: 'Yata, a ƙarshe an sayar kuwa?

Maman Hanifa: An sayar, Hajiya. Wani malamin makaranta ne daga bayan layin, yana cikin waɗanda suka ɗauki gawar. Ya saya ƙasa da abin da aka fara tayawa, nesa ba kusa ba, kuma yana ciki da iyalinsa har yau. Soron ma nan yake koyar da yara karatu da yamma. Yayata ba ta taɓa komawa layin ba. Ni har yanzu raina bai daina ƙuna a kan kuɗin ba.

Baban Sadiq: Allah ya mayar musu da alheri. Aunty, na shigo da zafi, ban yi tunanin ɓangarenku ba. Ban sauka daga maganata ba, sai dai yanzu na san nauyinta.

Alhaji Dillali: Malam, akwai wani gida a hannuna yanzu haka mai irin wannan tarihin, shekara shida ke nan. Mai saye daga wani gari yake, ya ba da kafin alƙalami, ranar Asabar zai cika. Magadan sun roƙe ni kada in ta da maganar. In na faɗa ba da izininsu ba, na ci amanarsu ko ban ci ba?

Malam Liman: Ka fara zuwa wurin magadan, Alhaji, kafin Asabar. In kana so, ka biyo mini bayan la'asar gobe mu tafi tare.