Ɗana ya daina yi mini tambaya, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a Argungu, ina neman shawarar iyaye da malamai kan ɗana mai shekara 8.

A da bakin yaron nan ba ya hutawa. Baba, me ya sa injin ban-ruwa ke tari kafin ya tashi? Kifi yana barci kuwa? Haka nake yi wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa korata ba. In bai san amsa ba sai ya ce mu je mu tambayi masunta a bakin kogin Matan Fada. A nan na fara son karatu.

Ni na kasa. Wata rana na dawo daga fadama a gajiye, na tarar ya kwance rediyona, ya jera ƙusoshin a kan tabarma, wai yana neman mutumin da ke magana a ciki. Na daka masa tsawa a gaban ƙannensa, har da mari. Wata uku ke nan bai ƙara tambayata komai ba. Malaminsa ma ya ce ya daina ɗaga hannu a aji.

Na ba shi haƙuri. Na kai shi gidan tarihi na Kanta, na nuna masa takubba da ganguna, ya bi ni shiru, sai dai "to, Baba". Mahaifiyarsa ta ce zai manta, amma hankalina bai kwanta ba.

Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi? In ɗauko rediyon mu kwance tare, ko hakan zai tuna masa da marin?